Gammon Jirgin Sama

Shekara huɗu na yi a Turai, na dawo Sakkwato da akwati ɗaya da wani guntun bututu baƙi mai farfasasshen baki. Takardar digiri na uku da na tafi nema ba ta cikin akwatin. Sunana Haliru, ina koyar da aikin injiniya a wata babbar makaranta a nan gida, kuma har yau in na ratsa Mabera masu shaguna suna ɗago hannu suna cewa, "Dakta, an wuni lahiya?" Amsawa nake yi in wuce, don na gaji da bayani. Ga bayanin nan sau ɗaya, wanda ya karanta ya gaya wa wanda bai karanta ba.

Garin ba zan faɗi sunansa ba. Ƙarami ne, kogi ya raba shi biyu, kuma yayyafi ba ya ɗauke masa. Wanda ya tarbe ni a tashar jirgin ƙasa shi ne Dakta Andre, mataimakin Farfesan da zan yi karatu a ƙarƙashinsa. Dogo ne mai fara'a, bai girme ni da shekara biyar ba. Ya karɓi akwatina da hannunsa, da ya ga ina karkarwa cikin 'yar shaddata sai ya tuɓe rigar sanyinsa ya yafa mini, ya ce in riƙe. A ranar na buga waya gida na ce su daina damuwa, Allah ya haɗa ni da ɗan'uwa. Nakan tuna wannan maganar in ji kamar in mari bakina.

Ɗakin da na kama tun ina gida, a hoto na ga babbar taga rana tana shigowa. Da na je sai mai gidan ta gangara da ni ƙarƙashin ƙasa. Tagar tana nan, amma daidai da takalman masu wucewa a titi. Na nuna mata hoton, ta ce wancan ɗakin sama ne, hoton dai na gidan ne gaba ɗaya, ai ba ta yi ƙarya ba. Ba ni da inda zan je, na zauna. Cikin wata biyu na san mutanen layin da takalmansu, ban san fuskar ko ɗaya ba. Na taɓa tsayar da maƙwabcina na gaishe shi yadda ake gaisuwa, na tambayi iyali, na tambayi aiki, na tambayi sanyi. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Me kake so?" Daga ranar na koyi gyaɗa kai in wuce.

Aikin da ya kai ni, faɗinsa ba wuya. In jirgin sama ya faɗo, ko ya sauka a kan cikinsa ba taya, bugun da ke tasowa daga ƙasa yakan bi kujera ya karya wa mutum ƙashin baya. Don haka ake jera wasu bututu a ƙarƙashin daɓen jirgin, waɗanda aka yi da zaren kabon, wani baƙin zare mai ƙarfi, shimfiɗa kan shimfiɗa, aka haɗe da danƙo. Ba a son su yi taurin da za su ƙi karyewa, ba a kuma son su karye farat ɗaya. So ake su riƙa dagargajewa daga baki sannu sannu, suna tsattsagewa kamar bakin aswaki, su shanye bugun kafin ya kai ga mai zama. Tun da ba za a yi ta jefo jirage daga sama don gwaji ba, sai a gina bututun a cikin kwamfuta, a yanka shi ƙanana ƙanana, a gaya wa kowane yanki lokacin da zai karye, sannan a sako masa nauyi a ga abin da zai faru. Nawa shi ne in sa na cikin kwamfuta ya mutu irin mutuwar na gaske. In na yi haka, na sami digiri.

Innata 'yar Dundaye ce, gidan manoma, ba ta yi boko ba. Na yi mata wannan bayanin a waya, sai ta ce, "To ashe gammo na kaka yi ma jirgi."

Na ce, "Awa hakanan na, Inna."

"Gammon da nika naɗewa kahin tulu shi cika, shi na za shi ci maka shekara ukku?"

Na yi dariyar da na daɗe ban yi ba. Tun daga nan in ta kira ba ta tambayar karatu, sai ta ce, "Ya gammo?"

Amma ba tarbiyyar Inna ce ta bi ni Turai ba, ta Baba ce. Baba malami ne a Ƙofar Dundaye, dattawa masu furfura ke zama gabansa da littafi bayan la'asar. A zaurensa ba a cewa "ni" a bar ta tsirara. In ta kuɓuce maka sai ka bi ta da "ina neman tsarin Allah daga kalmar ni", don Iblis ne ya fara tinƙaho da ita. In aka yaba karatunka, ka sunkuyar da kai ka ce albarkar malam ce. Baba ya kwafe littattafai da yawa da hannunsa, a ƙarshen kowanne ba ka ganin sunansa, sai "bawan Allah mai ƙarancin sani". Kowa a unguwa ya san hannunsa, shi ya sa ba ya buƙatar faɗa. Da wannan aka yaye ni, kuma ba wanda ya ce mini abu ne da ake cirewa a ajiye in za a shiga ƙasar wasu.

Shekara biyun farko bututuna bai taɓa mutuwa daidai ba. Na gaske yana tsattsagewa a hankali. Nawa kuwa, da nauyi ya taɓa shi sai ya karye a tsakiya kamar karan dawa, layin da kwamfuta ke zanawa ya yi sama ya faɗo, wato da mutum ne a kujerar sai dai a yi masa salla. Na canza lambobi, na ƙara yanka, na rage. Kowane gwaji kwamfuta takan kwana biyu tana lissafi, rana ta uku in zo in tarar da gawa. Farfesa sau ɗaya nake ganinsa a wata, shi ma rabin hankalinsa na kan agogo. Andre ya fara kirana "abokina mai haƙuri" a gaban mutane, ana dariya, ni ma ina yi. Na bar mai ɗakina da ciki, 'yar da ta haifa a cikin waya na ga rarrafenta, a cikin waya na ga tafiyarta. Wata ranar babbar salla na sa babbar riga a ƙarƙashin rigar sanyin Andre na tafi ofis, ba wanda ya tambaye ni dalili. Na ci burodi da shayi a gaban kwamfuta ina tuna ƙamshin suya a tsakar gidanmu, na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa.

Mutum ɗaya ne ya san ina raye a ginin nan. Yozef, tsohon da ke kula da ɗakin gwaji na ƙasa, inda ake ɗaga ƙarfe mai nauyi a sako shi kan bututun gaske. Turancinsa bai fi kalma ashirin ba, abin da na sani na yarensu bai ma kai haka ba, da hannu muke hira. Ya taɓa iske ni ina sallar azahar a matse tsakanin akwatuna. Washegari na tarar ya kwashe akwatunan, ya share wurin, ya shimfiɗa kwali mai tsabta. Lokacin kaka yakan ajiye mini tuffa biyu daga lambunsa a kan kwalin. Ni kuma abin da zan iya saka masa da shi, in an gama gwaji in karɓi tsintsiya in share baƙin garin da bututu ke zubarwa. Sauran ɗalibai ba sa taɓa tsintsiya, lambobinsu suke ɗauka su hau sama.

A wajen sharar nan na gani. Na ɗauki wani bututu da aka murƙushe zan jefa a kwandon shara, sai na lura garin bai zube duka ba. Wani ya cushe a tsakiyar bangon bututun, tsakanin shimfiɗu, ya daskare ya yi tsini. Na sa farce na kasa ɓamɓare shi. Na tsaya ina kallo, sai na tuna masu faskare a bakin kasuwa, yadda suke kafa guntun ƙarfe a tsagar itace su yi ta duka, itacen yana buɗewa da kansa. Garin nan shi ke tsaga bututun daga baki, shi ke hana shi karyewa a tsakiya. Kwamfuta kuwa, duk yankin da ya karye share shi take yi, kamar ba a taɓa halittarsa ba. Ashe shekara biyu ina zubar da abin da ke yin aikin.

Na gaya wa Andre tun a ranar. Ya ɗaga kafaɗa ya ce ɓata lokaci ne, amma in gwada in ina so. Wata bakwai na yi ina rubuta wa kwamfuta ƙa'idar da za ta bar garin ya zauna inda yake. Wata Talata da hantsi na buɗe sakamako, na ga layin kwamfuta ya kwanta kan layin gwajin gaske, tudu kan tudu, kwari kan kwari. Na sauka da gudu na jawo Yozef. Ya sa tabarau ya duba, ya dube ni, ya ɗaka mini duka a baya har na yi tari. Ya ɗauki bututun nan da na ajiye a kan teburina ya rubuta sunana a jikinsa da farin alƙalami. Bai iya rubuta shi daidai ba, "Haliro" ya sa.

A ranar na aika wa Andre da sakamakon da ƙa'idar gaba ɗaya. Na kuma haɗa da wasiƙa irin wadda ɗan gidanmu zai rubuta wa na gaba da shi. Na ce wannan aikinsa ne, ni ban yi komai ba, hannu kawai na sa. Na ce duk abin da ke ciki daga gare shi na samo. Da Turanci na rubuta, amma a zauren Baba nake zaune sa'ad da nake rubutawa. Ya amsa a taƙaice, ya ce ya gode.

A taron ƙarshen wata Farfesa ya ga layukan nan biyu, karo na farko ya manta da agogo. Ya ce, "Dabarar wane ne a bar garin?"

Mu tara ne a ɗakin. Na sunkuyar da kai na ce, "Dakta Andre ne ya koya mini komai."

Na jira. A gida, nan ne malami zai yi murmushi ya ce a'a, ai shi ne mai ƙoƙarin, kowa ya gane wanda ya yi. Haka ake yi, kai ka miƙa, shi ya mayar maka. Andre ya gyara zama, ya ja kwamfutar gabansa, ya fara bayani. Bai mayar ba.

Ko a nan ban farga ba, na ce a raina halinsu ne. Na duƙufa rubuta kundina, na gaya wa Inna gammo ya kusa naɗuwa. Sai bayan wata takwas wata ɗaliba ta tare ni a matakala tana taya ni murna, ta ce ta ga an gode mini. Na ce a ina? Ta nuna mini a wayarta. Maƙala ce ta fito a mujallar masana, sunan Andre a gaba, na Farfesa a baya. Hotunana ne, layukana ne, har da kuskuren harafi da na yi a ƙasan wani hoto. Can ƙarshe, da ƙananan baƙaƙe, an gode mini saboda gudanar da lissafi da taimako a ɗakin gwaji. Wato shara.

Dokar digirin a fili take. Sai ka kawo abin da kai ka ƙirƙiro, kuma dabarar da wani ya riga ya buga da sunansa ba ta zama taka. In aka cire babin garin nan, kundina fanko ne.

Na sami Andre a ofis. Ya ba ni kujera, ya haɗa mini shayi. Na yi ta kewaye-kewaye, har a lokacin bakina ya kasa ɗaukar maganar. Shi ya rage mini hanya.

"Haliru, kai ka rubuto mini cewa aikina ne. Na ɗauka ka san abin da kake faɗa."

Har yau ban sani ba ko wayo ya yi mini, ko kuwa ya karanta wasiƙar ce ya yarda da ita. Wannan rashin sanin ya fi satar cin raina.

Na kai ƙara. Aka kafa kwamiti na mutum uku, shugabarsu wata farfesa mai farin gashi, mai magana a hankali. Ba ta da mugunta, da ma tana da ita, da na sami wanda zan tsana. Na kawo duk abin da na rubuta wa kwamfuta cikin wata bakwai. Andre bai musa ba. Ya ce hannun nawa ne, dabarar tasa ce, da baki ya faɗa mini ita. Yozef ya zo ba tare da an kira shi ba, sanye da kwat ɗin da ban taɓa ganinsa da ita ba. Ya yi ta magana da yarensu yana nuna shara da hannu, yana nuna ni. Suka gode masa, suka ce ya shaida ina ɗakin gwaji, amma ba zai iya shaidar abin da aka faɗa a ofishin sama ba.

Sai shugabar ta ɗauki takarda ta karanta wasiƙata a fili. Ban taɓa jin ladabi ya yi muni haka ba. "Ni ban yi komai ba, hannu kawai na sa." Ta ajiye ta dube ni.

"Kai ka rubuta wannan?"

"Ni na rubuta."

"An tilasta ka?"

"A'a."

"Ka sake faɗa a gaban taro. Yau kuma kana cewa dabararka ce. Ka taimake ni, yaushe ka faɗi gaskiya, a lokacin ko yanzu?"

Na ce a garinmu haka ɗalibi ke magana da malaminsa, girmamawa ce, ba wanda ke ɗaukarta yadda ta fito. Ta rubuta wani abu a takardarta.

"Wato a garinku in mutum ya ce bai yi ba, yana nufin ya yi?"

Ta yaya zan ɗauko zauren Baba in ajiye mata a kan tebur? Na ji bakina yana cewa "wani lokaci", na kuma ga yadda suka dubi juna. Ni da ba a taɓa kama ni da ƙarya a gidanmu ba, ga ni an zaunar ana auna ko maƙaryaci ne, kuma shaidar da ta kashe ni da hannuna na rubuta ta.

Hukuncin ya fito bayan mako uku, babu hujjar an yi mini sata. Farfesa ya kira ni, ya ce ya ji ba daɗi, zai ba ni sabon aiki in fara, shekara biyu za ta isa. Izinin zamana a ƙasar saura wata uku, makarantata a gida kuma ta riga ta ƙara mini shekara ɗaya ta ce babu ƙari. Na bi ofisoshi har takalmina ya huje, ko'ina sai a saurare ni da kyau a ce a yi haƙuri. Ana gobe zan tafi na ninke rigar sanyin nan na kai wa Andre. Ya karɓa, ya ce zai yi kewata. Allah ya sani, na ce masa na gode.

Yozef ne ya raka ni tasha. Ya miƙo mini ƙunshi a tsohuwar jarida, bututun nan ne da na bari a kan tebur, da tuffa biyu. Ya sa yatsa ya nuna sunan, ya nuna ƙirjina. Jirgin ƙasa ya tashi Yozef yana nan tsaye cikin yayyafi.

A cikin jirgin sama na yi ta kallon daɓen da ke ƙarƙashin ƙafata. Wata rana ƙila wani ya fito daga tarkace da ƙafarsa saboda garin nan, ya koma ga 'ya'yansa. Na yi ƙoƙarin in ji daɗin haka. Ban ji ba, ƙarya ce in ce na ji.

'Yata da ta gan ni ta ɓuya a bayan uwarta. Inna ta dubi fuskata sau ɗaya, ta dama mini fura, ba ta tambayi gammo ba, har yau ba ta tambaya ba. Baba kuwa sai da na jira aka idar da karatun la'asar, dattawan suka naɗe buzayensu suka fita, sannan na shiga na durƙusa.

"An ce mani ba ka taho da takardar ba," in ji shi.

Na ba shi labari tun daga tasha har kwamiti, ban rage komai ba. Na miƙa masa bututun. Idonsa ya yi rauni, da yatsa yake dubawa. Ya shafa tsattsagaggen bakin, ya taɓa garin da ya daskare a tsakiya.

"Wanga rubutun hwa?"

"Sunana na, Baba. Wani tsoho yar rubuta."

"Allah shi saka mai." Ya ɗora bututun a kan cinyarsa. "An cuce ka, Haliru. Allah ya gani. Ka yi hanƙuri."

Haƙurin nan ne ya taso mini da abin da na haɗiye shekara huɗu. Ban san sa'ad da muryata ta ɗaga a zauren da ban taɓa ɗaga murya ba.

"Baba, ni niy yi shi. Ni nig gane shi, ba kowa ba. Ni..."

Ya ɗaga hannu. Ba da faɗa ba, a hankali, yadda yake yi in ɗalibi ya tsallake layi.

"Sau ukku ke nan ka hwaɗe ta."

Na dube shi. Tsoho ne, idonsa ya ciko saboda ni, kuma jirana yake yi. Na buɗe baki in gaya masa abin nan da yake jira shi ne ya raba ni da digiri, ya raba ni da sunana, ya mayar da ni maƙaryaci a gaban baƙi. Tun cikin jirgi na shirya maganar. Abin da ya fito shi ne, "Ina neman tsarin Allah dagga kalmar ni."

Baba ya sauke numfashi, ya miƙo mini bututun.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Ba su ɓata muna kai ba."